Abin da Yuro Uku Ke Saya wa Ɗalibi a Jamus: Sharhi a Kan Hukumar Kula da Ci da Kwanan Ɗalibai

Duk lokacin da aka tayar da zancen karatu a ƙasar waje a majalisunmu, abin da ake fara kawowa shi ne ƙwarewar malamai, da kayan ɗakunan gwaje-gwaje, da kuma rashin yajin aiki. Babu ƙarya a cikin waɗannan, amma a ganina akwai abin da ya fi su raba rayuwar ɗalibin Jamus da ta takwaransa na Zariya ko Kano, wato wata hukuma da ba ta koyar da ko harafi ɗaya, wadda ake kira Studierendenwerk. Aikinta shi ne ciyar da ɗalibi, da ba shi ɗakin kwana, da ɗauke masa wasu nauye-nauyen rayuwa domin hankalinsa ya tattaru a kan karatu. Na ga aikinta da idona lokacin da na ziyarci ɗan 'yar'uwata da ke digiri na biyu a fannin injiniya a wani matsakaicin gari na ƙasar, kuma da yake ni ma na yi zaman jami'a a gida, ban iya kallon komai a can ba tare da auna shi da abin da na sani ba.

Hukumar ba sashen jami'a ba ce, kuma shugaban jami'a ba shi da iko a kan tukunyarta. Kowane yanki yana da tasa, guda 57 ke nan a faɗin ƙasar, kuma sau da yawa hukuma ɗaya ce ke kula da ɗaliban manyan makarantu da dama a gari ɗaya ko a garuruwa maƙwabta. Asalinta ya samo ne daga wahalar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da yunwa da talauci suka sa ɗalibai da malamai suka kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai, har aka haɗa su a ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya a garin Tübingen a 1921. A yau kuɗin gudanar da ita yana fitowa ne daga cinikin abinci da hayar ɗakuna, da gudummawar da kowane ɗalibi ke biya a farkon kowane zangon karatu, sannan da tallafin gwamnatin jiha. Wannan rabon nauyi shi ne sirrin arahar da zan yi magana a kai, domin ɗalibin da bai taɓa leƙa ɗakin cin abincin ba ma ya riga ya saka hannu a cikin farantin ɗan'uwansa.

Ɗakin cin abincin, wanda kowa ke kira Mensa, shi ne fuskar hukumar da baƙo zai fara gani. Wanda na riƙa zuwa babban zaure ne mai dogayen tebura, yana buɗewa wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe. A bakin ƙofa akwai allo da ke nuna abincin ranar, kowane da farashi uku a gabansa: na ɗalibi, na ma'aikaci, da na baƙo. Mutum zai ɗauki tire da cokali, ya bi layin abincin da ya zaɓa, a zuba masa, ya ƙara da ɗan kwanon ganye ko miya idan yana so, sannan ya isa wurin biya ya ɗora katinsa na ɗalibi a kan na'ura, a cire kuɗin daga abin da ya riga ya loda a ciki. Ba a taɓa tsabar kuɗi, saboda haka babu jiran canji, kuma layin da na ɗauka zai cinye rabin sa'a bai kai minti goma ba ya kawo mu gaba. Farantin shinkafa da miyar wake da kayan lambu da ɗan 'yar'uwata ya ɗauka bai wuce yuro 3 ba, ni kuwa na biya kusan ninkinsa a kan irin wannan farantin saboda ni baƙo ne. Idan an gama, kowa shi zai ɗauke tirensa ya kai kan wani bel mai tafiya da kansa zuwa wurin wanki, kuma na ga farfesa mai furfura ya bi layin nan da tirensa a hannu a bayan yaran da yake koyarwa, babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi.

Ta fuskar tsafta, da sauri, da gaskiyar farashi, ban ga abin kushewa ba. A jikin kowane abinci an rubuta abin da ke cikinsa, har da alamar da ke nuna ko akwai naman alade ko giya, da jerin abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa irin su gyaɗa da madara. Ga Musulmi wannan rubutu rahama ne, domin yana hana shi yawan tambaya da harshen da bai gama iyawa ba. Sai dai rubutun bai warware komai ba, tunda naman kaza da na shanu da ake dafawa galibi ba yankan Musulunci ba ne, saboda haka yawancin yaranmu da na zauna da su sun taƙaita ne a kan kifi da abincin da babu nama a ciki. Sun ci sa'a da zamanin ya juya zuwa wannan ɓangare, domin irin wannan abinci yana ta ƙaruwa a jami'o'in ƙasar, har ma ɗakunan cin abincin ɗalibai na Berlin suka rage nama da kifi zuwa kashi 4 cikin ɗari na jerin abincinsu a 2021, duk da cewa dalilinsu na kare muhalli ne.

Ɗanɗano kuwa wani zance ne daban, kuma a nan ne zan rage wa Mensa maki. Abincin yana ƙosarwa, yana da gina jiki, amma harshen da ya saba da daddawa da attaruhu zai same shi salam. Dankalin Turawa da taliya su ne sarakan wurin, ana juya su ta fuska iri-iri a cikin mako, miyar kuwa sau da yawa mai kauri ce da aka haɗa da kirim. Ɗan 'yar'uwata yana yawo da 'yar kwalbar yaji a jakarsa, ya ce mini, "Kawu, wannan ita ce ta riƙe ni shekara guda, ba don ita ba da tuni na rame." Wani abin da ya fi ɗanɗanon damuna shi ne lokaci. Wajen ƙarfe biyu zuwa biyu da rabi na rana an kwashe tukwane, da dare sai ɗan kantin shayi da burodi idan an dace, ranakun Asabar da Lahadi kuma ƙofa a rufe take. Ga shi ranar Lahadi kantunan gari ma ba sa buɗewa, sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai. Tsarin an gina shi ne a kan al'adar mutanen da ke cin abinci mai zafi sau ɗaya da rana, su ci burodi da cuku da dare. A watan azumi kuwa Mensa ba ta da wani amfani ga mai azumi, sai dai ya nemi masallacin Turkawa ko na Larabawa da ke raba buɗa-baki.

A nan ne tunanina ya dawo gida, domin mu ma mun taɓa samun irin wannan tsari. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1960 da 1970 suna ba da labarin tikitin abinci da ake ci da shi sau uku a rana, da kaza ranar Lahadi. Boren ɗalibai na watan Afrilun 1978, wanda aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ya tashi ne a kan ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira 1.50 zuwa naira 2, kuma an rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin soja ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai gaba ɗaya, aka bar ɗakunan cin abincin ga 'yan kasuwa. Abin da ya maye gurbinsu kowa ya san shi: risho ko hita a lungun ɗaki, da buhun garin kwaki da aka taho da shi daga gida, da masu garau-garau da ɗanwake da awara, da mai shayi da ke soya indomi har tsakar dare. Abincin nan ya fi na Mensa daɗi nesa ba kusa ba, kuma ana samunsa a kowane lokaci, har bashi ana ba wanda aka sani. Amma farashinsa yana bin kasuwa ne, babu mai tsaya wa ɗalibi, shi ya sa tun bayan cire tallafin mai a 2023 ake samun yara da yawa da ke shiga lacca da ciki wayam, alhali sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maƙwabtanmu na Nijar ba su watsar da nasu ba, domin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da hukumar kula da ci da kwanan ɗalibai irin wadda aka gada daga tsarin Faransa, ko da yake ita ma tana fama da ƙarancin kuɗi.

Ɗakin kwana shi ne hidima ta biyu, kuma a nan yabo da suka sun yi kunnen doki. Ɗakin da na gani na mutum ɗaya ne, ƙarami, da gado, da teburin karatu, da kabad, da na'urar ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga. Kicin da banɗaki na tarayya ne tsakanin mutum huɗu, kowa da ɓangarensa a cikin firji, an manna jadawalin shara a jikin ƙofa, a ƙasan ginin kuma akwai injinan wanki da ake biya da katin nan na cin abinci. Hayar wata ba ta kai yuro 350 ba, kuma a cikinta har da wuta, da ruwa, da ɗumama ɗaki, da intanet. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka gina wa mutum huɗu amma yake ɗauke da takwas ko goma, ya taɓa tashi da asuba da bokiti yana neman famfon da ke zuba, ya san darajar ƙofar da mutum zai rufe ya yi karatu shi kaɗai da fitila a kunne. Matsalar ita ce samun ɗakin. Hukumomin gaba ɗaya ba su da gadajen da za su ɗauki ko kashi 10 cikin ɗari na ɗaliban ƙasar, saboda haka a manyan birane ana iya jiran zango ɗaya ko biyu ko fiye kafin layi ya zo kan mutum. Wanda bai samu ba sai ya faɗa kasuwar haya, inda ɗaki ɗaya a gidan tarayya a birni irin Munich yake haura yuro 700 a wata, kuma baƙon da ke da suna irin namu yakan aika saƙo da yawa kafin a amsa masa ɗaya. Shi ma ɗan 'yar'uwata ya yi makonninsa na farko a kan katifa a ɗakin wani ɗan Ghana, wanda ya nuna mini cewa raɓe a ɗakin aboki ba a jami'o'inmu kaɗai ake yin sa ba. Bugu da ƙari, ofishin ɗakunan yana amsa wasiƙa a makare, kuma yawancin takardunsa da Jamusanci suke, duk da cewa kwas ɗin da yaron ke yi da Ingilishi ake koyarwa.

Kuɗin zangon da na ambata, wanda ke kamawa daga ɗari da wani abu zuwa kimanin yuro 400 gwargwadon jami'a, a wurare da yawa yana ɗauke da tikitin sufuri. Ƙungiyar ɗalibai ce galibi ke ƙulla wannan yarjejeniya, kuma tun 2024 jami'o'i da yawa suka koma kan tikitin da ke aiki a duk faɗin ƙasar, wanda aka fara sayar wa ɗalibai a kan yuro 29.40 a wata kafin a ƙara masa kuɗi. Da shi ɗalibi zai hau bas, da jirgin cikin gari, da jiragen ƙasa na yanki, ban da masu gudun nan na dogon zango. Jiragen suna makara fiye da yadda sunan Jamus zai sa a zata, amma idan na tuna ɗalibin da ke zaune a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki yana lissafin kuɗin adaidaita-sahu kowace safiya kafin ya yanke shawarar zuwa lacca, sai in ga makarar minti ashirin ba abin kuka ba ce. Hukumar tana kuma da ofishin ba da shawara ga wanda damuwa ta yi wa yawa, da masu ba da shawara a kan kuɗi, da wuraren renon yara ga ɗalibai masu iyali.

Kada arahar faranti ta ruɗi mai karatu ya ɗauka karatun ma araha ne. Gaskiya ne cewa yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta tun da jiha ta ƙarshe ta soke shi a 2014, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, Jami'ar Fasaha ta Munich ma ta fara karɓar nata daga ƙarshen 2024. Kafin a ba da biza kuma, wanda ba shi da tallafin karatu ko mai tsaya masa dole ya zuba kuɗin shekara guda a wani asusu da ake kullewa, ana sakar masa kaɗan-kaɗan kowane wata. Daga watan Satumban 2024 adadin ya kai yuro 11,904, wato yuro 992 a wata, wanda a canjin 2025 ya doshi naira miliyan 20. Inshorar lafiya wajibi ce, tana cin sama da yuro 120 a wata, kuma rangwamen ɗalibai da ke cikinta yana ƙarewa ne idan mutum ya cika shekara 30, abin da ya kamata namu su lura da shi tunda yajin aiki da hidimar ƙasa da neman aiki kan cinye mana shekaru kafin mu fita digiri na biyu. Akwai ma harajin rediyo da talabijin na yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko mutum yana kallo ko ba ya kallo. Tallafin gwamnati da ake kira BAföG, wanda rabinsa kyauta ne rabi kuma bashi marar ruwa, wannan hukuma ce ke raba shi a yawancin jihohi, amma baƙon da ya shigo da bizar karatu galibi ba ya cikin masu cin gajiyarsa. Abin da doka ta ba shi shi ne izinin aiki na cikakkun kwanaki 140 a shekara, kuma da yawa daga cikin yaranmu da wannan suke rayuwa, suna ɗaukar kaya a rumbunan ajiya ko wanke kwanuka da dare, sannan su wayi gari a aji. Idan aka kwatanta, asusun bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana ba ɗalibinmu naira 20,000 a wata domin ɗawainiya, kuɗin da aka miƙa masa a hannu aka bar shi da kasuwa, babu wata tukunya mai rangwame da zai kai su.

Akwai abin da hukumar ba ta iya tanada ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai a matsayina na baƙo. Zauren cin abincin yana cika maƙil, amma mutum zai iya zama a tebur ɗaya da wani har su gama ba a ce uffan ba, kuma babu wanda zai ce maka bisimilla. A gidan kwanan, maƙwabcin ɗaki yana iya yin zango guda ba ka san sunan garinsu ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, sanyi ya kora kowa ɗaki, jami'ar kuma ba ta da katanga ko ƙofar shiga, gine-ginenta a warwatse suke a cikin gari, saboda haka da an tashi daga aji kowa ya kama gabansa. Wurin salla ma ba kowace jami'a ke da shi ba, wasu sun rufe nasu a 2016, sai ka ga yaro yana neman ƙarƙashin matakala ya shimfiɗa darduma. A Samaru ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo, jami'a gari ce sukutum, da masallacinta, da kasuwarta, da ƙungiyoyin ɗaliban kowace ƙaramar hukuma, kuma wanda kuɗinsa ya ƙare a tsakiyar zango ba zai kwana da yunwa ba muddin abokan ɗakinsa sun ɗora tukunya. Wannan zumunci wani ɓangarensa rashi ne ya haife shi, ban musa ba, amma yana riƙe yara da yawa da in ba don shi ba da sun bar karatun. A can kuwa tsarin ya wadatar da kowa har ya zama ba dole ne wani ya nemi wani ba, ɗan Afirka da ya taso a cikin jama'a kuma shi ne ya fi jin raɗaɗin hakan. Duk da haka, ɗalibin da ya zauna a gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022 ba zai yi saurin tausaya wa wanda ya san ranar da zai kammala tun ranar da ya fara ba.

Idan har zan ba da maki, Mensa ta ci huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda ɗanɗano da rufewa da wuri. Ɗakunan kwana sun ci biyar ga wanda ya samu, ga wanda ke kan layi kuwa babu abin da zai auna. Wanda ya fi dacewa da wannan hanya shi ne mai neman digiri na biyu ko na uku da ya samu tallafi, misali daga DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu ga ɗaliban ƙasashen waje, ko wanda iyayensa za su iya cika asusun nan ba tare da sayar da gona ba, kuma ya riga ya mallaki hankalinsa. Yaron da ya gama sakandare jiya ban ga dalilin gaggawar tura shi ba, gara ya yi digirin farko a gida. Wanda ya yanke shawarar tafiya, ya zaɓi ƙaramin gari ko garuruwan gabashin ƙasar inda haya ta fi sauƙi kuma layin ɗaki ya fi gajarta, ya cike takardar neman ɗaki a shafin hukumar garin da wuri, tunda da yawa daga cikinsu suna karɓar buƙata tun kafin takardar shiga jami'a ta fito, ya koyi Jamusanci gwargwadon da zai iya karanta yarjejeniyar haya, kuma ya koyi dafa miya tun yana gida, domin daren kowace rana da ƙarshen kowane mako a hannunsa suke.